Ƙwallo Mai 'Ya'ya Casa'in

Lahadi, da hantsi

Jiya na dawo ɗakina. Tela, maƙwabcina mai shago a ƙasan benen nan, shi da mijin Auta suka hau da ni, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kamar masu hawa da kabad. Na ce musu zan iya da ƙafata, ba wanda ya kula ni.

Komai yana inda na bar shi, sai dai an wanke daɓen wajen tebur an kuma sauya shimfiɗa. Ban tambayi dalili ba.

Auta ta kwana a nan. Ita ce ƙaramar 'yata, ita kaɗai ce kuma a kusa, sauran biyun sai a waya. Da gari ya waye ta dawo da maganar da ta fara tun a asibiti, wai ta gyara min ɗaki a gidanta, a ƙasa, ba matakala.

"Baba, ba shawara na zo nema ba. Likita ya ce kada ka ƙara zama kai kaɗai."

"Likitan nan yaro ne. Da ya ga furfura sai ya hau rubutu."

"To ɗaga min kofin nan da hagu."

Na ce ba na jin ƙishirwa.

Ta kawar da kofin gefe. Ni kuma idona ya faɗa kan gwangwanin da ke bisa tebur. Kafin abin nan ya faru na fara ƙwallon takarda babba, mai 'ya'ya casa'in. Na ninke sittin suna cikin gwangwanin, saura talatin, sannan haɗawa. Na ce mata ta ba ni mako uku. In na gama shi, ta bar ni a ɗakina, ta samo mai zuwa shara da wanki in ta ga dama. In na kasa, zan bi ta, ba za ta ji ko tari daga bakina ba.

Auta ta san aikin. A cikinsa ta tashi, ita ke yanka min takarda tun hancinta bai kai bakin tebur ba. Ta dubi gwangwanin, ta dubi hannuna na hagu da ke kan cinya.

"Ba gam," in ji ta.

"Ni kike gaya wa ba gam? Kin taɓa ganin gam a ɗakin nan?"

"Ba zare, ba allura, ba hannun kowa. Ko na Tela."

"Tela ai hannun riga ma da ƙyar yake haɗawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce Asabar ta uku, kafin magariba. Muka tsaya a haka.

Litinin, da safe

Na sha magani. Hannun da sauƙi.

Litinin, bayan la'asar

Ɗaya na ninke tun safe, shi ma na yar. Takardar tana gudu a kan tebur, ba abin da zai danne ta. Da can ban san ana danne ta ba ma.

Talata, da azahar

Tela ya hau da shayi da burodi. Bai saba ba. Shekarun da muka yi, ni a sama shi a ƙasa, gaisuwarmu a bakin matakala take ƙarewa, sai ranar da muka ga damar tsokanar juna. Yanzu sau biyu yake hawowa a yini. Na san wadda ta aiko shi.

"Safiyo, ya ƙarfin jiki?"

Na sha gaya masa ni ba safiyo ba ne, zanen taswira na yi a ofishin safiyo har na yi ritaya. Ya ce duk wanda ya san gabas ba tare da ya kalli rana ba, safiyo ne a wurinsa.

"Ka zo leƙen asiri ne?"

"Wane asiri gare ka, tsoho? Kai da takardu."

Ya ɗauki ɗa guda daga gwangwanin yana juyawa. Bai taɓa tambayata yadda ake yi ba sai yau. Na nuna masa. Takarda ce mai kusurwa huɗu daidai wa daida, a ninke ta har ta zama tana da harshe biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, da aljihu biyu a tsakiya. Harshen wannan ya shiga aljihun wancan. Uku in sun haɗu sai su ta da ɗan tsini. Tsini ya kama tsini, abu ya yi ta lanƙwasa har ya rufe kansa ya zama ƙwallo. Ba abin da ke riƙe da su sai junansu. Shi ya sa dole kowane ɗa ya zama sak da ɗan'uwansa.

"Yanzu duk waɗannan," ya ɗaga kai yana duban waɗanda ke rataye a silin, "ba ɗinki ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Allah ya sa mutane kada su koyi yin riga haka, in mutu da yunwa."

Da zai sauka na roƙe shi aron tsohon dutsen gugarsa, wanda ya daina aiki. Bai tambaye ni me zan yi da shi ba, ya kawo.

Laraba, da hantsi

An samu hanya. Ina ɗora dutsen guga a gefen hagu na takardar ya danne ta, dama kuma ta yi sauran aikin, ta ɗaga kusurwar da ke kusa da ita, farce ya bi ninkin. Uku na yi tun safe, kuma sun fita da kyau, bakinsu kamar wuƙa. Na sa su a wani gwangwani dabam don in riƙa ganin ci gabana.

Auta ta kira. Na ce mata aiki yana tafiya. Ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce aiki yana tafiya.

Alhamis, da yamma

Na sha magani. Hannun da sauƙi. Yana kwance a kan tebur kusa da dutsen guga, ina aiki ina ɗan kallonsa.

Juma'a, da hantsi

Hasken tagar nan babu irinsa. Daga hagu yake shigowa, ya kwanta a kan tebur, kowane ninki ya fito da inuwarsa. Na gaya wa Auta saboda hasken ne ba zan tashi ba. Ɗakin da ta gyara min, tagarsa katanga take kallo.

Marigayiya mahaifiyar su Auta ce ta zaɓi ɗakin nan, ita ma saboda tagar. Kujerarta tana wurin. Ba na zama a kai, ba na kuma ɗora kaya. Tela ya je zai zauna a kanta ɗazu, na ce masa ƙafarta ɗaya ta yi rauni. Ya dube ni, ya jawo bokiti ya kife ya zauna.

Asabar, bayan la'asar

Mako ɗaya ya tafi. Gwangwani na biyu ya kusa cika. Ina ganin gobe in gama ninki, jibi in fara haɗawa. Zan gama da sauran kwanaki a hannu, in zauna in jira ta ina kaɗa ƙafa.

Ƙafar dama nake nufi.

Litinin, da safe

Inna lillahi.

Litinin, da azahar

Bari in rubuta shi a tsanake, ko hankalina ya dawo jikina.

Na zuba 'ya'yan duka a kan tebur. Na ɗauki biyu daga tsofaffin, na ɗauki ɗaya daga sababbin, zan ta da tsini na farko. Ya ƙi. Harshen sabon yana kallon wani waje, aljihun tsohon yana buɗe ta wani waje. Na juya shi, na kifa shi, na sake juyawa. Na ɗauko wani. Haka. Na ɗauko wani. Duka talatin ɗin haka suke.

Sababbin suna shiga junansu lafiya lau. Tsofaffin ma haka. Amma sabo da tsoho ba sa haɗuwa, kamar takalman ƙafa ɗaya.

Sai da na ɗauki farar takarda na rufe ido na bi ninkin a raina sannan na gane. Shekara da shekaru kusurwar ƙasa ta hagu nake fara ɗagawa, da babban yatsan hagu. Ban taɓa lura ba, hannu ne ya san abinsa. Da na ɗora dutsen guga a hagu, sai na koma ɗaga ta dama. Kowane ɗa ya fito a juye, kamar a madubi. Wannan shi ne abu na farko da nake gargaɗin duk wanda na koya wa. Auta tana 'yar shekara bakwai na sa ta kwance guda goma saboda shi, ta yi kuka har da majina.

Mako guda ina yaba kaina.

Litinin, kafin magariba

Na gwada kwance guda biyu in mayar da su daidai. Takardar da aka ninke gaba aka ninke baya ta mutu. Harshen ya yi laushi, yana shiga aljihu yana zamewa. Ba za su riƙe ba.

Takardata kuma ta ƙare.

Auta ta kira. Na ce na gama ninki. Ban yi ƙarya ba.

Talata, bayan azahar

Na sauka ƙasa yau.

Ban san matakalar nan tana da tsayi haka ba. Ƙarfen riƙewa a hagu yake in ana sauka, don haka da baya na sauko, fuskata tana kallon sama, sanda a rataye a wuya. Tela ya ji motsi ya fito da tef a kafaɗa da allura a baki.

"Ina zuwa, ango?"

"Maɗaba'a. Takarda zan samo."

"Ka aike ni mana."

"Kai ka san takarda? Yadi ma sai an nuna maka fuska da baya."

Ya rufe shagonsa ya biyo ni, wai shi ma yana da abin saye ta can. Ba abin da ya saya. Yana tafe ta hagu da ni, kafaɗarsa tana gogar tawa, muna yi kamar titin ne ya yi ƙunci.

Mai maɗaba'a ya daɗe yana ajiye min ragowar yanka. Da ya gan ni ya miƙe ya ba ni kujerarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ina magana yana kallon bakina, ni kuma ina kallon injinsa. Sau biyu na maimaita kafin ya ji. Shuɗiyar da na yi sittin ɗin da ita ta ƙare. Ya fito da wasu, ina murza kowace tsakanin yatsu. Wata ta yi kauri, wata santsi, wata za ta tsage a ninki na uku. Guda ɗaya ce nauyinta ya zo daidai, ita kuma rawaya ce, rawaya mai ihu.

Na ce ya yanka min ita da injinsa. A hanya Tela ya ce, "To wannan ba hannun wani ba ne?"

"Yanka dabam, ninki dabam. Kuma inji ba shi da hannu."

"Ni dai ban ga komai ba."

"Haka nake so ka gaya mata."

Hawowa ya fi sauƙi, ƙarfen yana dama. Duk da haka na zauna a tsakiya na ɗan duba bangon, ya daɗe yana son fenti.

Laraba, da safe

Ban tashi da wuri ba. Na sha magani.

Laraba, da yamma

Dabarar ashe a gabana take. Kusurwar ƙasa ta hagu da kusurwar sama ta dama abu ɗaya ne, in an juya takarda. To dama tana iya kaiwa sama. Ina saukar da ta sama, in juya takardar a ƙarƙashin dutsen guga, in sake saukar da ta sama. Na yi ɗaya, na gwada shi da tsofaffi biyu. Ya shiga, tsini ya tashi. Na daɗe ina kallonsa.

Yanzu kowanne na gama sai na gwada shi kafin in sa a gwangwani.

Juma'a, da hantsi

Rawayar nan ta hana ni sukuni. In na tara ta gefe ɗaya, Auta tana shigowa za ta san an yi ɓarna an yi faci. Yau ina shan shayi sai lissafin ya faɗo min. Ƙwallo mai casa'in yana da zobba goma sha biyu, kowane zobe 'ya'ya biyar. Sittin ke nan cif. Sauran talatin su ne gadojin da ke haɗa zobe da zobe. Shuɗi ya yi zobba, rawaya ta yi gadoji. Kowane tsini shuɗi biyu rawaya ɗaya. Wanda ya gani zai rantse haka na tsara tun farko.

Na buga sanda a daɓe don Tela ya hau in gaya masa. Ya hau a guje, yana haki, fuskarsa ta sauya. Da ya gan ni a zaune a kujera sai ya jingina da ƙofa.

"Safiyo, don girman Allah kada ka sake yi min haka."

Ban gaya masa lissafin ba. Na ce sukari nake nema.

Asabar, da yamma

Saura mako ɗaya. Ninki bai ƙare ba. Hannun da sauƙi.

Litinin, bayan la'asar

Na gama ninki jiya, na fara haɗawa yau. Na sa ƙwallon a cikin kwanon wanke hannu don ya riƙe min gindinsa. Zoben farko ya tashi, gadoji biyar sun fita daga jikinsa kamar yatsu. Haɗawa ta fi ninki wuya. In na tura harshe ta nan, wani ya zame ta can. Da can hagu ce ke bi a baya tana rarrashinsu. Yanzu ina tokarewa da kofi, da kwalbar magani, da ƙirjina.

Auta ta ce, "Baba, muryarka ta yi ƙasa." Na ce waya ce.

Talata, da azahar

Ya kai rabi. Ya yi kamar kwando. Yana da kyau, ko ni na yi sai in faɗa.

Laraba

Ban rubuta da safe ba.

Laraba, bayan la'asar

Na ɗan jima a banɗaki. Ba faɗuwa na yi ba. Zama na yi a ƙasa, sai tashin ya ɗauki lokaci. Famfo yana zuba, ban kai gare shi ba. Sandar tana bayan ƙofa. Daga inda nake ina jin keken ɗinkin Tela yana ta aiki, ya tsaya, ya ci gaba. Na ga hasken ƙaramar taga ya tashi daga kan bokiti ya koma bango. Na yi kira, amma ruwan ya fi ni murya.

Ruwan ne ya bi ta matakala ya kira Tela.

Ya ɗaga ni, ya sauya min kaya. Ba mu kalli juna ba. Ya goge daɓe, ya dafa shayi, bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, wannan ya fi komai ci min rai.

Na ce, "Tela, tsakaninmu."

Ya ce, "Sha shayinka."

"Kwana uku ya rage. Ka bar ni in kai Asabar."

"Yarinyar nan amana ta ba ni, Safiyo."

"Ni ma amana nake ba ka."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya sauka bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Laraba, da magariba

Auta ta kira. Ta tambayi abinci, ta tambayi magani, ta ba ni labarin ƙaramin ɗanta da ya cire haƙori. Ba ta tayar da maganar banɗaki ba. Ashe Tela mutum ne.

Alhamis, da hantsi

Kwankwasona ya yi baƙi. Zama a kujera sai a karkace. Na haɗa kaɗan, biyu suka zame, na mayar.

Tela ya hau da wata 'yar kwalba ya ajiye a kan taga.

"Mene ne wannan?"

"Ban sani ba. A hanya na tsinta. An ce in ya bushe ba a ganinsa." Ya matso ya rage murya, alhali mu biyu ne a ɗakin. "Ko ka bar ni in sa maka zare ta ciki, siriri, launin takardar. Ko aljani ba zai gani ba."

"Jiya kai ne mai amana."

"Jiya dabam. Ni dai in za ka tafi, ban so ka tafi a kan takarda."

Na ce ya ɗauke kwalbar gam ɗinsa. Ya manta da ita da gangan.

Alhamis, da yamma

Tana kan taga.

Juma'a, da safe

Na sha magani. Tana kan taga.

Juma'a, bayan la'asar

Bakin ƙwallon ya tsuke, hannu ba ya shiga ciki kuma. Duk abin da za a yi daga waje ne. Na rufe zobe na ƙarshe da ƙyar, da taimakon haɓata. Saura ɗa guda, rawaya, gada ta ƙarshe.

Shi wannan harsunansa biyu za su shiga, wasu harsuna biyu kuma su shiga aljihunsa, kusan a lokaci ɗaya. Hannu ɗaya ya buɗa wurin ya riƙe maƙwabta, ɗayan ya zura. Haka ake yi. Ban san wata hanya ba, ban kuma taɓa jin wanda ya sani ba.

Na gwada, na sake gwadawa, ya ƙi.

Na ɗauko kwalbar. Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Na yi niyyar ɗiga kaɗan a maƙwabtan don su tsaya da kansu. Na matse ta tsakanin gwiwoyi, na murɗa. Na sa haƙori. Na naɗe murfin da tsumma. Ya ƙi buɗuwa. Ba halin kirki ne ya hana ni ba, murfi ne.

Na mayar da ita kan taga.

Asabar, da safe

Na yi wanka a zaune. Na sa farar riga, maɓallan suka ci min lokaci. Saura ɗa guda. Hannun.

Asabar, bayan magariba

Auta ta zo da azahar, ita kaɗai. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon ƙwallon a cikin kwano.

"Baba! Shuɗi da rawaya. Yaushe ka fara son rawaya?"

"Tsari ne."

Ta zagaya tebur, hannuwanta a baya. Ta ga ramin da ya rage, ta ga ɗan da ke gefe. Ta ga kwalbar a kan taga, ta ɗauka, ta duba murfin da sawun haƙori a jikinsa, ta ajiye.

"Rana ba ta faɗi ba tukuna," in ji ta. Ta kife bokiti ta zauna, ta cusa hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta.

Na fara. Na zura harshe na farko ya shiga. Na tokare da haɓa, na nemi na biyu, na farkon ya fito. Na sake. Na ɗauko hagu da dama na ɗora ta a kan ƙwallon, ko nauyinta kawai ya yi aiki. Ta zame ta faɗo kan tebur, da ƙara. Auta ta tashi ta shiga wanke kofunan da Tela ya riga ya wanke. Daga ƙasa ba ƙarar keke, tun zuwanta ya yi tsit.

Na sake. Na sake. La'asar ta yi, ta wuce. Gumi yana ɗiga daga hancina, ina kawar da kai don kada ya taɓa takarda. Duk gwaji ɗaya sai maƙwabtan sun ƙara sakin jiki. Aljihu ɗaya ya fara tsagewa a baki. Hasken ya bar tebur ya hau bango.

Sai na ji shi a ƙirjina, inda na tokare. Wani ɗan motsi. Zoben da ke ƙasa da ramin ya fara buɗewa, harsuna suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Na san wannan motsin. In zobe ɗaya ya tafi, na kusa da shi zai bi, sai dai a tattara 'ya'ya a daɓe. In na cire dama daga ramin in tare shi, saman ya tafi. In na bar shi, ƙasan ya tafi.

Na ce, "Auta, riƙe min nan."

Ta zo ta tsaya, hannuwanta a jiƙe. "Baba, in na sa hannu..."

"Na san abin da na faɗa. Goge hannunki. Zai watse."

Ta goge a jikin mayafinta. Ta tallafe shi da tafuka biyu, ta mayar da harsunan da babban yatsa, ba sai na gaya mata wanne ba. Sannan ta buɗa min ramin da farce. Na zura na farko, na zura na biyu, na lanƙwasa sauran biyun suka shige. Ƙwallon ya ɗaure, ya yi tauri a hannunta. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Ta ɗaga shi wajen taga tana juyawa. Zobba shuɗɗa, gadoji rawaya, ko'ina daidai. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

"Ai ban taɓa ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Tokarewa kawai na yi, kamar kwanon nan. In kana so mu ƙara wata ɗaya mu gani."

Kiran sallah bai fara ba. Ina iya cewa to. Kalmar tana bakina.

Na ce, "Ranar Laraba na faɗi a banɗaki. Tun safe har bayan azahar ina ƙasa."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tela ya kira ni kafin ma ya gama goge daɓe."

"Munafuki. To me ya hana ki zuwa ki ɗauke ni?"

"Na zo, Baba. Har bakin shagonsa na zo, na zauna a mota ina kallon tagar nan. Jiya ma na zo." Ta ajiye ƙwallon a kan tebur a hankali. "Mako uku ka ce."

Na dubi kofina. Na ce ta zuba min shayi. Ta zuba, ta ajiye kofin ta dama.

Lahadi, da safe

Mota za ta zo bayan azahar. Tela ya hau da igiya da kwalaye, na ƙi amsa gaisuwarsa, ya ce ko a jikinsa, zai biyo ni har can ya ci gaba da leƙen asiri.

Auta ta tambaye ni me za a fara saukarwa. Na ce kujerar uwarta. A riƙe ta da kyau, ba abin da ya sami ƙafarta.